Stellaris: Ba Kowace Duniya Ce Take Karɓar Baƙo Ba

Hunturu biyu ke nan ina buga Stellaris a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu a nan Jos, kuma a tsawon wannan lokaci na kafa dauloli da dama, wasu suka yi tashe, wasu suka durƙushe tun ba a je ko'ina ba. Wasa ne na dabarun mulki da yaƙi a sararin samaniya, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a watan Mayun 2016, kuma har yau ba a daina yi masa gyare-gyare ba. Mai wasa yana farawa ne a shekarar 2200 da duniya ɗaya tak, da jirgin bincike guda, da jirgin gini guda, da ƙananan jiragen yaƙi uku, da kuma jinsin halittar da shi da kansa ya zaɓa wa kama da hali da aƙida da tsarin sarauta. Daga nan sai ya bazu cikin tarin taurari waɗanda yawansu ya kama daga 200 zuwa 1000, gwargwadon faɗin filin da ya zaɓa. Akwai yaƙi, akwai sulhu da ƙawance, akwai binciken kimiyya da ciniki, amma ba su suka sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so in auna shi ne ɓangaren da sababbin 'yan wasa suka fi rainawa, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko daula za ta yi ƙarfi ko za ta ƙare a cin bashi, wato yadda ingancin duniyar da aka sauka yake tafiyar da haɓakar sabon mazaunin da aka kafa a kanta. Wannan mazauni zan riƙa kiransa tunga, kamar yadda ake kiran wurin da 'yan gidaje suka sare daji suka zauna kafin ya zama gari.

Alƙaluman da zan kawo na zubi na 3 ne, wato siga ta uku ta wasan, wanda ya fara a watan Afrilun 2021 aka yi ta ƙara masa gyara har zuwa farkon 2025, domin shi ne ke kan kwamfutata kuma shi na fi sani. Zubi na 4 da ya fito a watan Mayun 2025 ya sauya yadda ake ƙidayar jama'a, amma wanda ya sayi wasan ta dandalin Steam yana iya komawa tsohon zubi idan ya ga dama.

Abin da ya fi burge ni a wannan wasa, kuma dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci kuɗinsa, shi ne bai ɗauki inganci a matsayin abin da ke jikin duniya ita kaɗai ba. Inganci a wurinsa dangantaka ce tsakanin ƙasa da wanda zai zauna a kanta. Duniyoyin da ake iya zama a kansu iri tara ne, an kasa su gida uku bisa yanayi. Akwai busassu, wato hamada, da faƙo, da filin ciyawa irin na ƙasar Hausa. Akwai masu damshi, wato mai nahiyoyi irin tamu, da wadda teku ya mamaye, da ta kurmi. Sai kuma masu sanyi, wato ta ƙanƙara zalla, da ta tsaunuka masu dusar ƙanƙara, da ta daskararriyar ƙasa. Kowane jinsi yana da irin da ya saba da shi tun asali. Idan aka kai shi duniya irin tasa, makin dacewarsa kashi 80 ne cikin 100. Idan aka kai shi wata iri dabam amma a cikin yanayi ɗaya, kashi 60 ne. Idan kuwa aka tsallaka da shi zuwa wani yanayi, makin yana faɗowa zuwa kashi 20 kacal. A mahaifarsa ce kawai yake samun 100 cif. Saboda haka duniyar ƙanƙarar da take azaba ga mutanena na hamada, ita ce gidan hutu ga maƙwabcina mai gashi. Duk wanda ya san noma a wannan jiha ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ƙasar da masara take ƙi, acca tana yi a cikinta, kuma dankalin turawan da ya mayar da Bokkos da Mangu abin kwatance ba zai yi wa manomin Sakkwato abin da gero yake yi masa ba.

Wasan ba ya ƙirga mutane ɗai-ɗai. Yana dunƙule su ne rukuni-rukuni, kowane rukuni yana cin abinci, yana neman muhalli, yana riƙe da aiki guda, don haka zan kira kowane rukuni magidanci. To, ga inda makin dacewa yake cizo. Duk kashi ɗaya da ya gaza daga 100, ɗawainiyar magidanci tana ƙaruwa da kashi ɗaya, buƙatarsa ta abubuwan more rayuwa ma tana ƙaruwa da kashi ɗaya, sannan abin da yake samarwa a wurin aiki yana raguwa da rabin kashi, saurin haihuwa shi ma yana raguwa da rabin kashi. A takarda abin yana kama da ƙaramin haraji, sai an yi lissafin manomi guda ake gane girmansa. Manomi a mahaifa yana samar da abinci 6 a wata, yana cin 1, daula ta tsira da 5. A duniya mai maki 60 yana samar da 4.8, yana cin 1.4, saura 3.4. A duniya mai maki 20 kuwa yana samar da 3.6 ne, yana cin 1.8, abin da ya rage wa daula 1.8 ke nan, wato bai kai kashi biyu cikin biyar na ribar ɗan'uwansa da ke gida ba, tun kafin a zo batun kayan masarufin da shi ma ya kusa ninkawa. Haka haihuwa take. Kowace tunga tana tara makin haihuwa 3 a wata, kuma ana neman aƙalla 100 kafin a sami sabon magidanci, wato wajen wata 34. A duniya mai maki 20 abin da take tarawa 1.8 ne, sai an shafe kusan wata 56. Asarar ta zo ta ƙofa uku a lokaci guda: mutane ba sa yawaita, waɗanda suke nan ba sa aiki sosai, kuma cikinsu ya fi na kowa faɗi.

Ban koyi wannan daga karatu ba, jikina ne ya gaya mini. A wasana na biyu na zaɓi jinsin hamada, kuma ban jima da farawa ba jirgin bincikena ya ci karo da wata ƙatuwar duniyar ƙanƙara mai girma 24, alhali mafi girman da ake samu a al'ada 25 ne, ga ta cike da wuraren haƙar ma'adinai. Wasan yana nuna dacewa da launi a jikin taswira, kore ga mai kyau, ruwan ɗorawa ga matsakaiciya, ja ga mai wuya, kuma alamar wannan duniya ja ce jawur. Na gani, na kau da kai. A wani dare ne na ƙarshen Disamba, irin daren da sanyin Jos yake shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ina sanye da rigar sanyi biyu, kofin shayi yana huce a gefen kwamfutar, amma duk da haka bai faɗo mini a rai ba cewa abin da nake ji a yatsuna shi ne abin da zan jefa mutanena a ciki. Na tara ƙarfe da abinci da kayan masarufi na gina jirgin ƙaura, na tura shi, na kuma zuba ma'adinan da nake da su wajen gina unguwannin haƙa guda huɗu tun kafin a sami masu shiga ramin.

Shekara talatin na lokacin wasa suka wuce, tungar ba ta kai magidanta goman da ake buƙata kafin a ɗaga hedikwatarta daga matsayin bukkar saukar jirgi ba. Guraben aiki suna nan fanko, kuma kowace unguwa da na gina tana cin kuɗin makamashi, wato kuɗin da ake kashewa a cikin wasan, duk wata ko da mai aiki ko babu. Abubuwan more rayuwa suka gaza, zaman lafiyar tungar ya yi ƙasa, ƙarancin zaman lafiya ya ƙara rage abin da ake samarwa. Lambar kayan masarufi a saman allo ta koma ja, sai na shiga sayar da ma'adinai a kasuwar wasan ina sayen kayan masarufi, wato ina sayar da abin da na je nema domin in ciyar da waɗanda na aika neman sa. Ɗan yayata, wanda yake karatu a jami'a kuma shi ya fara nuna mini wasan, ya zo hutu ya tarar da ni ina ta jujjuya shafukan tungar. Ya ɗora kibiyar linzami a kan jar alamar nan, bayanin ya buɗe, ya karanta, sannan ya ce, “Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ai Basakkwace ka kai Bokkos a tsakiyar hunturu ba bargo, kuma kana tambayar abin da ya hana shi fita gona da asuba.” Na ce masa ai girman duniyar ne ya ja ni. Ya ce, “Girman yana nan, Kawu, ba inda za shi. Ka bar ta sai ka sami masu ita.”

Maganarsa ta biyu ita ce ta fi amfani, domin girma shi ma ɓangare ne na inganci, sai dai ba a farkon tafiya yake biya ba. Girman duniya shi ne yawan unguwannin da za a iya ginawa a kanta, na birni da na masana'antu da na noma da na haƙa da na lantarki, kuma yanayi yana karkata rabon: masu damshi sun fi yawan filin noma, busassu sun fi na lantarki, masu sanyi sun fi na ma'adinai. Wani sashe na filin yana zuwa a toshe da duwatsu masu aman wuta, ko kurmi mai duhu, ko tulin ƙanƙara, ko miyagun namun daji, kuma kowane irin cikas yana da nasa binciken da sai an kammala shi kafin a biya kuɗi a share. Tun daga zubi na 3 kuma aka ɗaura saurin haihuwa da sararin da ya rage a duniya, wato muhallin da ba a cika ba da filin da ba a gina ba. Tunga tana farawa a hankali, tana kai ƙololuwar sauri idan jama'arta suka kai wajen rabin abin da duniyar za ta iya ɗauka, inda makin wata zai iya hawa daga 3 zuwa 4.5, sannan ta yi sanyi yayin da wuri ya fara cika. Ma'anar wannan ita ce ƙaramar duniya mai maki 80 tana saurin tsayawa da ƙafafunta amma tana saurin ƙurewa, babbar duniya kuwa tana da dogon zango idan har an sami waɗanda za su iya zama a kanta. A shekaru hamsin na farko, lokacin da kowane magidanci yake da daraja, ƙaramar koriya ta fi babbar ja nesa ba kusa ba. A tsarin da wasan yake zuwa da shi ana ajiye wa kowace daula duniyoyi biyu irin mahaifarta a kusa da gida, kuma waɗannan su ya kamata jirgin ƙaura na farko da na biyu su nufa, komai ƙanƙantarsu.

Hanyoyin gyara matsalar dacewa su ne suka sa nake ganin an yi wa wannan ɓangare tunani mai zurfi, domin kowace hanya tana da farashinta kuma tana jan daula zuwa wani hali. Mafi arha ita ce yarjejeniyar ƙaura da maƙwabci: da zarar an sa hannu, jinsinsa yana shiga jerin waɗanda za a iya ɗorawa a jirgin ƙaura, sai duniyar da take 20 a wurinka ta zama 60 ko 80 a wurinsu. Sai dai daular da ta zaɓi aƙidar ƙyamar baƙi tun farko ta ƙuntata wa kanta wannan ƙofa, kuma a nan ne mutum yake gane cewa zaɓin da ya yi a shafin farko, kafin ya ga tauraro ko ɗaya, yana bin sa har shekara ɗari. Akwai butum-butumi, wato ma'aikatan inji, waɗanda a mafi yawan zubi na 3 ba ruwansu da zafi ko sanyi, kuma ana ƙera su ne ta wani layi dabam da na haihuwa, amma ƙirarsu tana cin ƙarfen da ake buƙata domin jiragen yaƙi. Akwai binciken kimiyya da yake ƙara kashi 5 nan, kashi 5 can, abin da ba ya mayar da ja kore amma yana ɗaga ruwan ɗorawa. Akwai halin jure baƙon yanayi da ake iya zaɓa wa jinsi tun farko, mai ƙara kashi 10 ko mai ƙara 20, wanda yake cinye makin zaɓen halaye da da an kashe wajen basira ko ƙarfi. Daga baya ana iya gyara ƙwayoyin halittar wani sashe na jama'a su koma 'yan ƙanƙara ko 'yan teku. Sannan akwai juya duniyar kanta zuwa wani iri, wanda yake cin kuɗin makamashi 2000 da shekara biyar idan a cikin yanayi ɗaya ne, ko 5000 da shekara goma idan za a tsallaka yanayi. Wani ƙarin da aka fitar a 2019, wanda ake saya dabam, ya kawo halittun dutse masu cin ma'adinai maimakon abinci, waɗanda suke da ƙarin dacewa kashi 50 a ko'ina amma haihuwarsu ta ragu da kashi 25. Da su duniyar da take 20 tana zama 70, sai dai cika ta yana ɗaukar lokaci.

A can ƙarshen ma'auni biyu akwai duniyoyin da ba su shiga cikin taran nan ba. Akwai kufan da yaƙin nukiliya ya ƙone, waɗanda makinsu sifili ne ga kusan kowa, akwai kuma dausayin da wasan yake kira Gaia, masu maki 100 ga kowane jinsi har da ƙarin albarka a kan aiki. Wasu daga cikin na biyun wurare ne masu tsarki a wurin wata tsohuwar daula mai tsananin riƙon addini, wadda take zaune shiru da rundunar da babu sabuwar daular da za ta iya tunkara. Ɗan yayata, duk da wa'azin da ya yi mini, ya taɓa sauka a ɗaya daga cikinsu saboda kwaɗayin makin 100, kuma saƙon da ya biyo baya bai bar masa zaɓi mai daɗi ba. Na ji daɗin wannan dabara ta waɗanda suka ƙirƙiro wasan, domin ta nuna cewa ko mafi kyawun ƙasa tana da mai ita.

Wanda ya buga tsofaffin wasannin wannan fanni zai ga bambancin. A Galactic Civilizations II na 2006, inganci lamba ce guda a jikin duniya, wadda take nuna yawan filayen gini: duniyarmu tana da 10, Mars tana da 4, kuma da kallo ɗaya an san wadda ta fi. Master of Orion II na 1996 ya rarraba abin zuwa girma da yanayi da arzikin ma'adinai da nauyin jan ƙasa, har ya ba wasu jinsuna fifiko a wasu wurare. Stellaris ya ɗauki wannan hanya ta biyu ya kai ta inda tambayar “wace duniya ce mai kyau” ba ta da amsa sai an ce “ga wa”.

Duk da haka akwai gurbi a tsarin, kuma ba ƙarami ba ne. Tunda kowace tunga tana da nata layin haihuwa, ko duniya mai maki 20 tana ƙara wa daula 1.8 a wata wanda da babu shi. Ƙwararrun 'yan wasa sun daɗe da gano cewa kuskurena ba sauka a jar duniya ba ne, gina ta ne. Abin da suke yi shi ne su sauka, su ƙi gina komai, su bar wurin ya zama maƙyanƙyasa: duk magidancin da aka haifa ya rasa aiki, sai ya yi ƙaura da kansa zuwa inda ake neman ma'aikata, ko a biya kuɗi a kwashe shi. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun yi ƙoƙarin rage wannan, inda suka sa makin da ake nema kafin sabon magidanci yake ƙaruwa da rubu'in maki a kan kowane magidancin da daula take da shi, ta yadda daula mai magidanta 200 take neman 150 maimakon 100, kuma kowace sabuwar tunga tana ƙara faɗin daula, wanda yake tsadar da bincike. Amma har yanzu lissafin yakan goyi bayan mai kwashe kowace duniya, kuma a ganina ragin kashi 40 a haihuwa ya yi sauƙi ga wurin da aka ce jinsin bai dace da shi ba sam. A Jos muna da dalilin ganin haka. Garin nan da Bukuru da Barikin Ladi kuza ce ta tara musu jama'a, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulki sun tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin haƙarta a kan wannan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka hallaka da yawa daga cikinsu. A Stellaris rashin dacewa ba ya kashe kowa. Yana rage riba ne kawai, kuma mai mulkin da ya kwashe jama'a daga wannan duniya zuwa waccan ba ya ganin komai sai lambar da ta sauya launi. Ban ce wasa ya zama littafin tarihi ba, amma wasan da ya iya ƙirƙiro dogayen labarai a kan kufan tsofaffin dauloli zai iya ba da labari ɗaya a kan tungar da sanyi ya ci.

Gurbi na biyu na bayani ne. Duk lissafin da na kawo a sama yana cikin wasan, sai dai a ɓoye yake cikin ƙananan akwatunan da ba sa buɗewa sai an ɗora kibiya a kan lamba an jira, kuma mai ba da shawarar da yake yi wa sabon shiga jagora ya fi mayar da hankali ga nuna maɓallai fiye da bayyana dalili. Babu fassarar Hausa, kuma Ingilishin da aka yi amfani da shi mai nauyi ne, cike da kalmomin kimiyya da na mulki, don haka wanda karatunsa na Ingilishi bai yi zurfi ba zai buƙaci wani a kusa da shi a makonnin farko.

Ta fuskar aljihu da na'ura, ga abin da mai saye a nan ya kamata ya sani. Da dala ake sayar da shi, kuma bayan ainihin wasan akwai ƙare-ƙare masu yawa da ake saya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda idan aka haɗa kuɗinsu sun ninka na uwar wasan. Shawarata ita ce a jira lokutan rangwamen da Steam yake yi a shekara, a sayi uwar kaɗai, domin duk abin da na bayyana game da yanayi da girma da haihuwa yana cikinta, ban da halittun dutse. Yana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma bayan an sauke shi ana iya bugawa ba tare da intanet ba idan mutum shi kaɗai ne, abin da yake da muhimmanci ga mai sayen data da awo. Ana iya dakatar da agogonsa a kowane lokaci a yi tunani, kuma yana adana kansa da kansa. Na mayar da nawa ya riƙa adanawa a kai a kai tun ranar da aka ɗauke wuta, batirin da ya riga ya tsufa ya mutu, na rasa shekarun da na kashe ina share kurmin wata tunga. Babbar matsalarsa ga tsohuwar kwamfuta tana da alaƙa kai tsaye da batunmu: yawan magidanta shi ne yake nauyaya lissafi, saboda haka idan aka doshi shekarar 2400, lokacin da kowace daula ta cika duniyoyinta, kwanakin wasan suna jan ƙafa, fankar kwamfutata kuma tana kuka kamar injin markaɗe. Maganin da na samu shi ne zaɓar fili mai taurari 400 da rage yawan duniyoyin zama a shafin farko, kuma abin mamaki wannan ya ƙara wa wasan daɗi, domin idan duniyoyi suka yi ƙaranci, kowace ɗaya sai an zauna an yi shawara a kanta.

Wanda yake son wasan da za a gama a zama ɗaya, ko wanda harbi da gudu suka fi jan hankalinsa, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda kuwa yake jin daɗin lissafin gona da kasuwa, yake iya haƙurin shuka abin da ba zai girba ba sai bayan awa goma, zai sami abin da zai riƙe shi watanni, kuma ina ba shi shawarar ya fara da jinsi mai son baƙi, ya ɗauki koraye biyun da ke kusa da gida, ya kafa tasha kawai, wato sansanin da ke nuna mallakar wuri ba tare da an zauna ba, a kan duk wata babbar ja domin kada maƙwabci ya riga shi.

Haka na yi a wasan da nake kai yanzu. Na sake zaɓar mutanen hamada, na sake samun duniyar sanyi, wannan karon mai girma 22, na kewaye ta da tasha na bar ta shekara goma sha tara ba wanda ya taka ta. Da maƙwabtana na kudu, wasu halittu masu kama da dila waɗanda mahaifarsu ƙanƙara ce, suka amince da yarjejeniyar ƙaura, alamar ta koma kore a daren, na ɗora su a jirgi. Yanzu magidanta 31 ne a kanta, ita take ba daular fiye da rabin ma'adinanta, kuma mutanen hamada biyu ne kacal a cikinsu, waɗanda suka bi ƙaura da kansu, ina kuma neman gurbin da zan mayar da su gida.